Wa Ya Zaɓi Fentin?

Sunana Damaris Filibus. In kun taɓa jin irin kunyar da ke sa mutum ya ji kayan jikinsa sun yi masa nauyi, to ku gyara zama, da ku nake magana. Waɗanda ba su taɓa ji ba su ma su karanta, amma don Allah kada a yi saurin yanke mini hukunci.

Ni malamar zane ce a wata ƙaramar sakandare da ke Narayi. A daminar da nake ba ku labari, shekara uku ke nan da sojoji suka koma bariki, an kuma fara kaɗa gangar zaɓe na gaba, duk katangar da ka duba fosta ce a kan fosta. Darasin zane a makarantarmu kuwa suna ne kawai. In zana kofi ko tulu a allo da alli, yara su kwafa da biro a bayan littafin lissafi. Ranar da muka zo kan launuka, da baki na koyar. In tambaya, shuɗi da ruwan ɗorawa in sun haɗu me suke bayarwa, su amsa baki ɗaya su ce kore, kamar masu hadda. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin abin ya faru da idonsa. Abin yana ci mini rai, har na taɓa yi wa Sylvanus kuka a kai.

Sylvanus saurayina ne. Tun muna ƙungiyar mawaƙan coci nake son sa, lokacin takalminsa ƙafa ɗaya ne, kullum yana goge shi har ya ga fuskarsa a ciki. Ina faɗin wannan ne don kada ku ce abin hannunsa na bi. Daga baya ne Allah ya haɗa shi da wani Honarabul na yankinmu, ya zama shi ne mai riƙe masa jaka, mai amsa masa waya, mai gaya wa mutane su dawo gobe. Cikin 'yan watanni wuyansa ya yi kauri, ya fara sa shadda mai maiƙo, yana zuwa gidanmu da motar ofis ƙirar Fijo. Shi ya samar wa yayana Ernest aiki a wani kamfani a Kudenda, a daidai lokacin da masaƙar da Baba ya yi wa aiki tun kafin a haife ni ta sallame su. Shi ya saya mini wayar salula, lokacin da ko shugabar makarantarmu ba ta da ita. Mama ba ta kiran sunansa, sai dai “ɗana”. In ya shigo, tsokar da ke ƙasan tukunya tasa ce.

Wata yamma ya zo, ina tsince acca a tire a bakin ƙofa, ya tsuguna kusa da ni yana kare bakin wandonsa daga taɓo. Ya ce Honarabul zai raba wa makarantun yankin kyauta kafin zaɓe, wasu benci, wasu ƙwallo da riguna, amma shi ya tsaya kai da fata sai an ba tamu kayan zane. Ya ce ba zai ƙara ganin hawayena a kan fenti ba. Ku gaya mini, wace mace ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta narke ba? Saura kaɗan in zubar da accar Mama.

Washegari ban iya riƙe bakina ba. Na gaya wa 'yan aji ɗaya cewa kwanan nan za su riƙe buroshi da hannunsu, za su ga kore yana fitowa daga inda babu kore. Ajin ya kaure da ihu har malamin lissafi ya leƙo ya harare mu.

Shugabar makarantarmu, Madam Rhoda, gajeriyar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ita ta ɗauke ni aiki lokacin da wasu ke cewa na yi yarinya. Da na kai mata labari sai ta ce, “Ke kika san aikinki, ke za ki je ki zaɓa. Abin da zai kai mu ƙarshen shekara nake so, ba abin ado ba.”

Ranar Asabar na sa siket da riga na atamfa mai ganyen rogo, wadda Mama ta ɗinka mini da Ista, na ɗaura ɗankwali a kan sabon kitsona. Sylvanus ya ɗauke ni zuwa Makera, shagon Alhaji Zakariyya'u, inda malamai ke sayen alli da takarda. Shago ne mai tsawo kamar lungu, yana ƙamshin sabon littafi. Alhaji ya sa aka kawo mini kujera, na ce a'a, a tsaye zan yi aikina.

Na daɗe ina wannan cefanen a cikin kaina, saboda haka ban yi dabur-dabur ba. Na fara da fensir, iri biyu, mai tauri na fitar da siffa da mai laushi na yin inuwa. Kowane kwali sai na zaro ɗaya na fiƙe na gani, don akwai fensirin da bakinsa a kakkarye yake tun daga ciki. Takarda kuwa mai kauri na nema, na ɗiga mata ruwa da yatsa na ɗaga ta a haske, wadda ta jiƙe ta huje na mayar. Na ɗauki kwali fari manya don aikin rukuni, da gam, da almakashi mai dakusasshen baki, domin na san Narayi da yaranta, in ka ba su mai tsini kafin a tashi an yi wa wani aski. Buroshi na ja gashin kowanne da yatsu biyu, wanda ya biyo hannuna na ajiye shi gefe. Da muka zo kan fenti na ce manyan robobi nake so, launi biyar kacal, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa da fari da baƙi.

Nan Sylvanus ya daina kaɗa makullin mota. Ya ɗaga roba ɗaya yana juya ta kamar wanda aka ba magani mai ɗaci, ya ce waɗannan ai kamar robar man shafawa suke, ba za su yi kyau a hoto ba, Oga yana son abin da in an ɗaga za a gani daga nesa. Na yi masa bayani cewa daga waɗannan biyar ɗin yaro zai fitar da kowane launi a duniya, kuma koyon ke nan. In ka ba shi akwati mai launi iri-iri, lallatsawa kawai zai yi, a mako biyu ja ya ƙare, saura su zama taɓo. Ya yi dariya ya ɗaga hannu biyu.

“Malama ta yi magana. Alhaji, a ɗaure mata.”

Aka ɗaure kayan a manyan katan, Alhaji ya rubuta sunana a jiki. Sylvanus ya ce kuɗi sai Litinin za su fito daga ofis, shi zai dawo ya biya ya kwashe, kada in wahalar da kaina. A hanyar gida ya saya mini gasasshiyar masara da kwakwa, ina ci ina kallon gefen fuskarsa ina cewa a raina, Damaris, kin yi dace.

Ranar miƙa kyauta aka kafa rumfa a filin makaranta, yara suka yi fareti, 'yan mata suka yi rawar gargajiya a cikin yayyafi. Honarabul ya iso a makare da jerin motoci, babbar rigarsa fara tas. Sai aka yaye zanen da ya rufe tebur.

Ba kayana ba ne.

Wasu akwatuna ne na roba masu ƙyalli, an jera su kamar bene, kowanne da hoton bakan gizo a murfi da ƙananan gurabun fenti jere reras. Yara suka yi ta tafi. Na nemi Sylvanus da ido, na same shi a bayan Honarabul riƙe da lema, ya kashe mini ido ɗaya. Wayata ta yi ƙara a jaka, na duba a ɓoye.

“Na samo miki waɗanda suka fi naki kyau. Ki yi murmushi, ana ɗaukar hoto.”

Na yi murmushin. Aka kira malamar zane, na fita na durƙusa na karɓi akwati ɗaya daga hannun Honarabul, haƙorana duka a waje. Ina gaya wa kaina wataƙila masu kyau ne, wataƙila ni ce mai tsaurin ra'ayi. Madam Rhoda tana gefe tana kallona ta saman tabarau.

Washegari darasin farko na 'yan aji ɗaya ne. Na riga na gaya musu kowa ya zo da tsohuwar riga ya ɗora a kan yunifom, da gwangwanin madara na ruwa. Ba wanda ya manta. Wasu rigunan iyayensu maza suka sako, har gwiwa. Wanda bai taɓa zuwa da wuri ba ranar ya riga ni. Suka zauna shiru, hannuwa a kan benci, idanu a kaina. Na raba akwatunan da buroshi da takarda da fensirin da suka zo tare da su, na ce a buɗe.

Fentin ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Na ce kada su damu, a ɗiga ruwa a jira kaɗan. Aka ɗiga, aka jira. Aka goga buroshi, abin da ya hau takarda wani ruwa ne mai dauɗa, ja da shuɗi duk kamarsu ɗaya. Gashin buroshin ya rinƙa zubewa yana mannewa a takarda kamar an yi wa akuya aski. Takardar kanta da ruwa ya taɓa ta sai ta huje. Akwatunan da ke ƙasan katan kuwa, wasu rabin gurabun babu komai a ciki. Na koma kan fensir don in ceci darasin, duk wanda aka fiƙe sai bakin ya faɗo, a sake fiƙewa ya sake faɗowa, har ya zama guntu.

Da sun yi surutu ko sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Shiru suka yi suna ta gogawa, kowa yana satar kallon takardar na kusa da shi. Can wata yarinya mai suna Asabe, wadda ke zama a gaba saboda ƙanƙantarta, ta ɗago kai a hankali.

“Anti, ko ni ce ban iya ba?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ce mata a'a, ta iya, ba laifinta ba ne. Ta ci gaba da kallona tana jiran in faɗi laifin wane ne. Na juya na fara goge allon da babu rubutu a kansa. Da na waiwayo sai na ga Madam Rhoda tsaye a bakin taga. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta ce in same ta a ofis bayan tara.

Da aka fita tara na zagaya bayan tankin ruwa, nan ne kawai ake samun sabis a makarantar. Na yi wa Sylvanus filashin, ya kira nan take, kamar mai jira. Ban bari ya gaisa ba na zazzage masa komai. Sai ya fara magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da yake lallashina da ita. Ya ce ban san yadda ofis yake ba. Abin da Oga ya sa hannu a kai daban, abin da ya iso hannunsa daban, kowa a hanya sai ya gutsura, shi ma kuma yana da hidimar zuwan mutanensa gidanmu a gabansa. Wani ne ya haɗa shi da mai tsofaffin kaya a sito, ya rantse bai san sun lalace haka ba. Ya ce in maganar ta koma kunnen Oga a wannan lokaci na zaɓe, shi ya gama yawo, kuma in tuna ta hannun wa Ernest ya shiga Kudenda.

“Damaris, ke malama ce. In kin ce ke kika yi kuskure wajen zaɓe, faɗa kawai za a yi miki, gobe a manta. Ni kuwa kora ce. Ki rufa mini asiri, jibi fa iyayena za su zo gidanku.”

Na ce masa yaran fa? Ya ce zai san abin da zai yi bayan zaɓe. Kati ya kusa ƙarewa, in ji shi, sai ya kashe.

Ofishin Madam Rhoda ƙarami ne, kalandar coci a bango, kofin gasar tsere a kan kabad. Ta ajiye akwati ɗaya a buɗe a kan tebur tsakanina da ita. Ba ta ce in zauna ba. Ta tambaye ni wa ya zaɓi waɗannan kayan.

Masu karatu, ina so in ce muku na yi kokawa da zuciyata. Ban yi ba. Maganar ta fito sumul kamar na kwana ina bitar ta.

“Ni ce, Ma. Ƙyallin ne ya ruɗe ni, ban duba ciki ba.”

Ta cire tabarau ta goge da bakin gyalenta, ta mayar. Sannan ta ce shekaranjiya ta biya ta Makera sayen alli, ta ga manyan katan a ɗaure a kusurwar shagon Alhaji Zakariyya'u da sunana a jiki. Alhaji ya ce a gaishe ni, kayan suna nan yana jiran a zo a ɗauka, har ya buɗe ya nuna mata.

Na sunkuyar da kai ina kallon taɓon da ya bushe a takalmina.

“Zan sake tambayarki sau ɗaya, Damaris. Wa ya zaɓa?”

“Ni ce, Ma.”

Ta rufe akwatin a hankali. Ta ce to, tunda na ce ni ce, haka za ta ɗauka, ba za ta ƙaryata babbar mace da bakinta ba. Ranar Litinin akwai taron iyaye da malamai, yara sun riga sun kai labari gida, saboda haka ni zan tsaya a gabansu in yi bayani. Ina juyawa zan fita ta ƙara da cewa, “Lokacin da na ɗauke ki, cewa aka yi kin yi yarinya. Ban taɓa jin sun yi gaskiya ba sai yau.”

Ban hau acaɓa ba ranar, da ƙafa na taka har gida, ina bin gefen kwata don kada in haɗu da iyayen yara. Na tarar da gidanmu ya koma kamar na biki. An fitar da kujerun falo an kakkaɓe, an wanke 'yan mayafan saƙa da Mama ke ɗora musu a kai, an sauko da farantan cikin kabad waɗanda ba a taɓawa sai Kirsimeti. Mama tana tsakar gida da ɗaurin ƙirji tana suyar cincin, gero na jiƙe a bokiti na kunu. Baba yana inda yake kullum tun da aka sallame su, a kan benci ƙarƙashin gwaiba, rediyo a kunne.

Na ja kujera 'yar tsugune kusa da Mama, na karɓi matsami ina juya mata. A hankali na gaya mata komai, har abin da na faɗa a ofis. Ba ta daina yanka ƙullin ba. Da na gama ta ce abin da na yi shi ne daidai, mace ita ce zanen rufin mijinta, ita ma ta rufa wa Baba abubuwan da har gobe ba wanda zai ji. Na ce Mama, ƙarya fa na yi, kuma yara aka cuta.

“Fenti ne fa, Damaris. Wa ya mutu?”

Ta nuna buhun shinkafar da Sylvanus ya kawo, wanda ke jingine a ƙofar kicin, da wuƙar hannunta, ta nuna ɗakin Ernest, sannan ta karkata kai wajen gwaiba ba tare da ta duba ba. Ta ce in kalli ubana da kyau, mutumin da ya ciyar da gidan nan shekara da shekaru, yau sabulun wanka sai an miƙa masa. Ta ce in ina so in kashe auren da ba a ɗaura ba saboda kalar yara, in bari sai ta mutu. Idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙi ne. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in kai wa Baba wannan zancen, jininsa ya hau.

Da yamma saƙo ya shigo. “Na ji kin yi abin da na roƙe ki. Ke ce matar rufin asiri. Ki sa leshin nan ruwan hoda ran Asabar.” Na karanta, na kifa wayar a ƙarƙashin filo. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗin yabon.

Ranar Asabar da hantsi suka iso, kawunnansa uku da wata gwaggonsa da wani dattijon cocinsu. Ina ɗaki ina jin saukar akwatunan lemo a falo, da gaishe-gaishe, da addu'ar buɗewa mai tsawo. Na sa leshin ruwan hoda, Mama ta ɗaura mini ɗankwalin ashoke da hannunta ta ja shi har kaina ya sara, ta sa mini sarƙarta ta aure. Na dubi madubi na ga amarya sosai. Amma duk lokacin da na rufe ido, yarinyar nan nake gani cikin rigar babanta, buroshi a hannu, tana tambaya ko ita ce ba ta iya ba.

Aka aiko a kira ni. Na fito kaina a ƙasa na durƙusa a gaban Baba. Falon ya cika da ƙamshin turare da na cincin. Goro na cikin faranti a tsakiya, lemo a jere ba a buɗe ba, don a gidanmu ba a taɓa komai sai yarinya ta amsa. Sylvanus yana gefen ƙofa cikin farar shadda, wayarsa a kan gwiwa.

Baba ya sa tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa coci, wadda ta yi masa yawa yanzu. Ya yi gyaran murya ya ce, “Damaris, waɗannan mutane sun zo nema wa ɗansu aurenki. Kin san shi? In karɓi kayansu?”

Amsar kalma biyu ce, tun ina yarinya nake jin 'yan mata suna faɗin ta. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji wata magana daban tana fita.

“Baba, kafin in amsa, ina roƙon Sylvanus ya gaya wa iyayensa wanda ya zaɓi fentin da aka kai makarantarmu.”

Na ji Mama ta ja numfashi a bayana. Kawunnan suka dubi juna. Babbansu ya tambaya wane fenti kuma, gida za a shafa? Ni kuwa Sylvanus nake kallo. Ba tona shi nake so in yi ba, Allah ya sani. So nake ya ce “ni ne”, ko da a hankali, ko da sau ɗaya. Da ya faɗa, da na ce wa Baba ya karɓa, in je ranar Litinin in sha kunyar a madadinsa da zuciya ɗaya.

Ya yi murmushi, ya gyara zama, ya juya wajen kawunsa.

“Kawu, wata 'yar matsala ce ta wurin aikinta. Ta yi kuskure wajen zaɓen kaya, ita da bakinta ta faɗa wa shugabar makarantarsu. Abin ne yake damun ta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni ba zan guje ta saboda wannan ba.”

Gwaggonsa ta ce Allah sarki. Dattijon coci ya gyaɗa kai yana yaba haƙurin yaron. Ni kuwa ina durƙushe cikin leshin da ya saya mini, na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Kuma babu ƙarya a abin da ya ce na faɗa. Ni da hannuna na ba shi sandar da ya doke ni da ita.

Baba bai dubi kowa ba sai ni.

“Ke kika faɗa wa shugabarku haka?”

“Ni na faɗa, Baba.”

“Gaskiya kika faɗa mata?”

Mama ta ce, “Baban Ernest, baƙi fa suna jira.” Bai waiwaya ba. Hawaye ya ɗigo a kan leshin ya yi tabo.

“A'a, Baba.”

Baba ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sannan ya sunkuya ya tura farantin goron a hankali zuwa gaban babban kawun, ya ba su haƙuri da ladabi, ya ce sun yi tafiya, ya gode, amma yau ba za a buɗe lemon nan ba, akwai maganar da zai yi da 'yarsa tukuna. Kawun ya fara cewa ai abin bai kai nan ba, Baba ya miƙe tsaye. Tun da aka sallame shi ban ga ya miƙe haka ba.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba sallamar kirki. Sylvanus ya wuce ta gabana, bakin shaddarsa ya shafi hannuna, bai dube ni ba. Mama ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da gyale. Ta taga ina hango Ernest, wanda bai san abin da ya faru a ciki ba, yana taya su mayar da akwatunan lemo cikin but ɗin mota, har yana yi wa Sylvanus wasa.

Motar ba ta kai bakin layi ba wayata ta yi ƙara a cikin zanina. Na zaro ta, saƙon Sylvanus ne.

“Ki gaya wa Ernest kada ya wahalar da kansa zuwa Kudenda ran Litinin.”

Na yi sauri zan mayar da ita, na ce ba komai ba ne, saƙon kamfanin waya ne. Ban ƙarasa ba na ji abin da bakina yake shirin sake yi, na yi shiru. Ernest ya shigo yana goge hannu a wando, yana tambaya me ya sa baƙi suka tafi da kayansu.

Baba ya koma ya zauna, ya nuna mini tsakiyar falo.

“Tashi ki tsaya nan. Karanta mana abin da ya ce, da ƙarfi, yayanki ma ya ji.”